Banki Zai Ƙwace Gidan da Nake Haya a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haƙƙin Ɗan Haya

Gidajen haya da yawa a Amurka da bashin banki aka saye su. Mai gida ya karɓi haya a hannunka, ya juya ya biya banki na wata. Idan ya daina biya, banki zai bi hanyar da doka ta ba shi ya ƙwace gidan ya sa a gwanjo, kuma sau da yawa ɗan haya ne na ƙarshen jin labari. Dokar tarayya ɗaya ce a duk faɗin ƙasar, amma jihohi da dama suna da nasu ƙarin. Misalai da yawa a nan na Niyok ne, saboda yawan jama'armu a Bronx da Harlem, yankuna biyu na birnin Niyok.

Malam, an liƙa takarda a ƙofarmu cewa banki ya kai mai gida kotu. In fara haɗa kaya?

Kada ka haɗa komai tukuna, ɗan'uwa. Takardar ba ta ce ka tashi ba, labari take ba ka cewa shari'a ta tashi tsakanin banki da mai gida. Bashin nasa ne. Ba kai ka kashe zomon ba, ko rataya ba a ba ka ba. Har ranar da za a buga gwanjo a miƙa wa wani takardun mallaka, mai gidanka yana nan a matsayinsa, yarjejeniyarku kuma tana nan daram.

Tsawon lokacin da za a ɗauka ya danganta da jihar da kake. A Niyok, New Jersey, Ohio, Illinois da Fulorida sai banki ya shigar da ƙara, alƙali ya yanke hukunci, sannan a sayar. A Niyok abin yakan wuce shekara, wani lokaci shekaru, kuma ba kowace ƙara ce ke kai wa ga gwanjo ba. Mai gida yana iya sasantawa da banki, ko ya sayar da gidan da kansa ya biya. A Teksas, Jojiya da Kalifoniya kuwa galibi ba a bi ta kotu, sanarwa kawai ake yi, shi ya sa abin ke gudu. Teksas da Jojiya ranar Talatar farko ta wata suke gwanjon irin waɗannan gidaje, kuma a Teksas sanarwar kwana 21 kafin ranar gwanjon doka ta nema. Wanda ke waɗannan jihohi ya fi buƙatar ya farka da wuri.

Idan ka ga John Doe ko Jane Doe a jerin waɗanda ake ƙara, kai ake nufi. Haka lauyoyin banki ke sa mazauna gidan da ba su san sunayensu ba, ba wai ana bin ka kuɗi ba ne. A Niyok dole ne mai ƙara ya aiko wa 'yan haya sanarwarsu daban, a kan takarda mai launi da manyan haruffa, cikin kwana 10 da miƙa wa mai gida sammaci. Ajiye ta har da ambulan ɗin da ta zo a ciki.

Wace doka ce ke kare ɗan haya?

Sunanta Protecting Tenants at Foreclosure Act, lauyoyi suna taƙaita ta da PTFA. Ka riƙe waɗannan haruffa huɗu, domin ambatonsu kaɗai yakan sa wakilin banki ya sauya murya.

Rikicin bashin gidaje na 2008 ne ya haifar da ita. Kafin lokacin, a jihohi da yawa, da zarar an sayar da gida a gwanjo yarjejeniyar haya ta mutu, sai a ba iyali 'yan kwanaki su fita alhali ba su taɓa fashin biya ba. Abin ya yi muni har a watan Oktoban 2008 Tom Dart, sherif (shugaban jami'an da ke zartar da umarnin kotu) na gundumar Cook, inda Shikago take, ya dakatar da fitar da mutane daga gidajen da banki ya ƙwace, saboda jami'ansa suna zuwa su tarar da 'yan hayar da ba su ma san an sayar da gidan ba. Shugaba Obama ya sa wa dokar hannu ranar 20 ga Mayun 2009. Da farko ta wucin gadi ce, an ƙara mata wa'adi sau ɗaya, sannan ta ƙare a ƙarshen 2014. A watan Mayun 2018 Shugaba Trump ya sa hannu a wata dokar harkar bankuna da ta dawo da ita, wannan karon ba tare da ranar ƙarewa ba. Don haka idan ka ci karo da tsohon rubutu a intanet da ke cewa dokar ta ƙare, ya tsaya ne a labarin 2014.

To me dokar ta ba ni?

Abu biyu. Idan kana da yarjejeniyar haya mai wa'adi, sabon mai gida ya gaje ta, za ka zauna har wa'adin ya cika a kan kuɗin da kuka yi da tsohon. Idan kuma wata-wata kake zaune ba wa'adi, ko wa'adin naka ya kusa ƙarewa, sai an ba ka notis na kwana 90 kafin a nemi ka tashi.

Akwai togiya guda. Idan wanda ya sayi gidan shi da kansa zai tare a ciki ya zama mazauninsa, yana iya katse yarjejeniyar, amma ko shi sai ya ba ka kwana 90. Banki ba ya tarewa a gida, kamfanin da ke sayen gidaje don riba ma haka, saboda haka wannan ƙofar ba tasu ba ce.

Lissafin kwana 90 ɗin nan ne ake yawan cutar mutane da shi. Ba ya farawa daga ranar da aka kai ƙara, ba ya farawa daga ranar gwanjo. Sai sabon mai gida ya mallaki gidan, ya ba ka notis, daga nan ake ƙirge. Misali, an yi gwanjo a watan Maris, sabon mai gida bai aiko da notis ba sai 1 ga Yuni, to kana da har kusan ƙarshen Agusta. Idan kuma yarjejeniyarka sai Disamba za ta ƙare, Disamba ce taka. Cikar kwana 90 ɗin ma ba ta ba kowa ikon taɓa kayanka ba. Abin da ta ba sabon mai gida shi ne damar shigar da ƙara a kotu.

Mu da baki muka yi da mai gida, babu takarda, kuma kuɗi a hannu nake ba shi. Na rasa haƙƙina ke nan?

Ba ka rasa ba. Kwana 90 ɗin ya shafi har mai zaman wata-wata da ba shi da rubutacciyar yarjejeniya. Wahalarka ita ce hujja. Lauyan banki zai ce bai san ka ba, ko ya ce kai ɗan'uwan mai gida ne da ke zaune kyauta, kuma alƙali takarda yake gani, ba rantsuwa ba.

Tun yau ka fara tarawa: takardar kuɗin wuta ko ta intanet mai sunanka da adireshin gidan, lasisin tuƙi, wasiƙun makarantar yara, saƙonnin WhatsApp inda mai gida ya ce ya ga kuɗi, bayanan banki da ke nuna kana cire adadi ɗaya a farkon kowane wata. Daga yanzu kuma ka daina miƙa tsabar kuɗi babu rasit. Biya da cak, ko odar kuɗi ta gidan waya, ko ta banki, ka rubuta watan da ka biya a jiki. A Niyok doka ta wajabta wa mai gida ya ba da rasit idan an biya shi da tsabar kuɗi. Neman rasit ba rashin yarda ba ne, kuma duk mai gidan da ya ɓata rai don an nema, ya gaya maka wani abu game da kansa.

Gidan yayana ne, kuma saboda zumunci rabin kuɗin unguwa yake karɓa a wurina. Dokar ta shafe ni?

Nan ne abin ya fi taɓa mutanenmu, domin da yawa a wajen ɗan'uwa ko ɗan gari suke haya. Dokar ta kare wanda ta ɗauka ɗan haya na haƙiƙa ne, kuma ta gindaya sharuɗɗa uku.

Na farko, kada ɗan hayar ya zama shi ne mai bashin, ko ɗansa ko 'yarsa, ko matarsa ko mijinta, ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Lura da jerin da kyau: babu wa, babu ƙane, babu kawu, babu suruki. Zama ƙanen mai gida kaɗai bai fitar da kai ba. Na biyu, hayar ta kasance ciniki ne na gaskiya tsakanin mutum biyu da kowa ke kare nasa, ba takardar da aka ƙulla don a yi wa banki dabara ba. Na uku, kuɗin hayar kada ya gaza na kasuwa da nisa, sai dai in tallafin gwamnati ne ya rage shi.

Sharaɗi na uku shi zai ba ka wahala. Idan makwabta suna biyan dala 2,000 kai kana biyan 1,000, lauyan banki zai ce alfarma ce ba haya ba. Alherin da yayanka ya yi maka shi ne za a ɗauko a yi hujja da shi a kanka, abin ba daɗi amma haka dokar take. Duk da haka ba a rufe magana ba. Dokar ba ta yanke adadi ba, alƙali ne ke dubawa. Idan rangwamen yana da dalili, misali kai ke kwashe shara da ƙanƙara da gyaran gidan, ko gidan ya lalace ta yadda ba zai yi kuɗin unguwa ba, ka nuna hakan da hotuna da shaidu.

Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne a zauna bayan an ga takardar kotu a rubuta yarjejeniyar shekara biyar a kan kuɗi kaɗan, a sa mata tsohuwar rana. Lauyoyin banki sun saba ganin irinta, kuma idan ta tonu har gaskiyar da kake da ita za ta zube. Sabunta yarjejeniya ta gaskiya, a kan kuɗin da ya dace, kafin a miƙa mallakar gidan, wannan halas ne. Gyaran da aka yi wa dokar a 2010 ya fayyace cewa ranar miƙa mallaka ce iyaka, ba ranar shigar da ƙara ba.

Wanda dokar tarayya ba ta kare ba, irin mahaifiyar mai gida da ke zaune a hawa na biyu, ita ma ba a fitar da ita da ƙarfi. Sai an bi ta kotu.

Tunda mai gida yana cin kuɗina ba ya biyan banki, in daina biyansa mana?

Na san haushin, Alhaji, amma kada ka daina. Muddin gidan na sunansa yana da ikon karɓar haya, kuma yana iya kai ka kotu kan rashin biya ko da shi ma banki na binsa. Kariyar da doka ta ba ka ta ɗan haya mai biya ce. Ranar da ka tara bashin haya ka ba su dalilin da ba su da shi a da.

Wanda za ka biya ne yake iya sauyawa. Wani lokaci, musamman a manyan gidaje, alƙali yakan naɗa wakilin kotu ya riƙa karɓar haya yana kula da ginin har a gama shari'a. Idan takardar naɗinsa ta zo, shi za ka biya, ba mai gida ba. Bayan gwanjo kuma sabon mai gida ne. A Niyok dole ya aiko maka da sunansa da adireshinsa a rubuce.

A wannan tsakanin ne mayaudara ke shigowa. Bayanan ƙwace gidaje a buɗe suke ga kowa, don haka wani zai iya ƙwanƙwasa ƙofa da kati a wuya ya ce shi ne sabon mai gida, a biya shi ta Zelle, manhajar tura kuɗi ta waya. Tsohon mai gida ma yakan ci gaba da zuwa karɓa bayan gidan ya bar hannunsa. Ka nemi kwafin takardar mallaka ko umarnin kotu kafin ka ba kowa ko sisi. Idan mutum biyu suna jayayya a kan hayarka, ajiye kuɗin a banki kada ka taɓa, ka rubuta wa kowannensu cewa kuɗi na nan sai an nuna maka mai haƙƙi.

Mai gida ya ce in ba shi hayar shekara gaba ɗaya zai yi mini ragi.

A gida mun saba biyan shekara guda a dunƙule, amma a nan, ga mai gidan da banki ke bi, hatsari ne. Idan aka sayar da gidan a wata na uku, kuɗin wata tara suna aljihun wanda ba shi da gida, kuma ba lalle sabon ya yarda da su ba. A Niyok ma tun 2019 doka ta hana mai gida karɓar abin da ya wuce na wata ɗaya a matsayin ajiya ko biyan gaba.

Wani wakilin banki ya zo ya ce zai ba ni kuɗi in ba shi makulli cikin sati biyu. In karɓa?

Wannan ciniki sananne ne kuma halal ne, amma ciniki ne, ba umarni ba. Banki yana so gidan ya zama fanko ya sayar da wuri, ya kuma san ƙarar tashi tana cin lokaci da kuɗin lauya. Abin da yake saye a wurinka shi ne kwana 90 ɗinka ko sauran wa'adinka, saboda haka sai ka san darajar abin da kake sayarwa kafin ka ce na yarda.

Zauna da biro da takarda. Hayar watan farko a sabon wuri, kuɗin ajiya, motar kwashe kaya, ranakun da ba za ka fita aiki ba, bambancin haya tsakanin nan da can na tsawon watannin da suka rage maka. Ga mai yara, sauya makaranta a tsakiyar zango. Tayin farko kusan kullum bai kai wannan lissafi ba, kuma ana iya neman ƙari, na kuɗi da na lokaci.

Wakilin zai iya ce maka tayin yau ne kawai, gobe sherif zai zo. Sherif ba ya zuwa sai da umarnin alƙali. Idan ka amince, komai ya zama a rubuce: nawa ne, wace rana, wa zai biya, da matsayin kuɗin ajiyarka, domin wasu takardun suna ɗauke da layin da ke cewa ka yafe duk wani haƙƙi. Makulli da cak a yi musayarsu a tsaye wuri ɗaya. Kuma kada ka sa hannu kafin ka sami inda za ka koma. Wanda ke zaune a gidan da doka ta ƙayyade hayarsa a Niyok kuwa, a ganina da wuya a ba shi kuɗin da ya kai abin da zai bari.

Na dawo daga aiki na tarar an sauya kwaɗon ƙofa. Me zan yi?

Wannan haramun ne kusan a duk jihohin Amurka, ko mai gida ne ya yi, ko banki, ko kamfanin da aka turo ya kula da gidan. Haka ma yanke wuta, ruwa ko gas don a matsa maka, da fitar da kaya waje. A Niyok laifi ne da ake iya kama mutum a kansa, kuma kariyar ta shafi duk wanda ya zauna a wuri bisa ƙa'ida kwana 30 ko fiye, ko ba shi da takarda. Kira 'yan sanda, nuna musu shaidar kana zaune a wurin, ɗauki hoton ƙofar. Idan ba su shigar da kai ba, ka tafi kotun gidaje ka nemi umarnin gaggawa na a mayar da kai.

Wani lokaci ba mugunta ba ce, kamfanin ne ya zo da rana ya ga shiru ya rubuta cewa ba kowa. Mai tuƙin tasi da ke kwana a hanya, ko wanda ya tafi gida hutu ko Umara, ya bar wani yana leƙawa, ya kuma aika wa lauyan banki wasiƙa cewa akwai ɗan haya a ciki.

Fitarwa ta halal hanya ɗaya gare ta: notis, ƙara, hukuncin alƙali, sannan sherif ko mashal, wato jami'in da ke zartar da umarnin tashi. A Niyok ko bayan hukunci sai mashal ya ba da notis na kwana 14.

Mai gida ya ɓace, ba ɗumi a ɗaki, rufi na yoyo. Wa zan kama?

Hajiya, wannan ne ɓangaren da ya fi cin rai, domin mai gidan da ya san zai rasa gida ba ya sake kashe ko kwabo a kansa. Amma nauyin gyara yana kansa har a miƙa mallaka, daga nan ya koma kan wakilin kotu ko sabon mai gida. A birnin Niyok ki kira 311, lambar wayar hukumar birni, ki kai ƙorafi, za a turo mai duba gini. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole a ba da ɗumi: da rana, idan waje ya sauka ƙasa da digiri 55 a ma'aunin Amurka, ɗaki ya kai 68, da dare kuma 62 ko yaya waje yake. Kina iya kai ƙarar gyara a kotun gidaje da kanki ba lauya. Idan mai gida ne ke da alhakin biyan wuta ko gas ya ƙi biya, dokar jihar ta ba 'yan haya damar biyan kamfanin kai tsaye su cire daga haya. Ki ajiye rasit. In kuna da yawa a ginin, ku haɗa kai ku yi ƙorafi tare, an fi jin taro.

Kuɗin ajiyar da na ba tsohon mai gida fa?

Dokar tarayya ba ta ce komai a kansu ba, sai ta jiha. A wasu jihohi sabon mai gida ya gaji nauyin, a wasu kuma sai ka bi tsohon. A Niyok ya kamata tsohon ya miƙa su ga wakilin kotu ko wanda ya saya ya sanar da kai. Gaskiya wanda ya kasa biyan banki sau da yawa ya riga ya cinye su. Ka rubuta masa tun yanzu ka tambayi inda suke, ka ajiye rasit ɗinka na asali. Kotun ƙananan ƙararraki a birnin Niyok tana sauraron abin da bai wuce dala 10,000 ba, kuma ba sai da lauya ba.

Gwamnati ke biya mini wani ɓangare na haya ta shirin Section 8.

Sabon mai gida ya gaji yarjejeniyarki da kuma kwangilar da ke tsakanin tsohon da hukumar gidaje. Ki sanar da hukumar da zarar kin ga takardar farko, don ta san inda za ta tura nata kason. Kada ki tashi ba tare da izininta ba, kina iya jefa tallafin cikin matsala.

Akwai wuraren da suka ba da fiye da kwana 90?

Akwai, kuma dokar tarayya ta ce duk inda ta jiha ko ta gari ta fi kare ɗan haya, ita za a bi. A New Jersey ƙwace gida ba ya cikin dalilan da ake tayar da ɗan haya da su, kotun ƙolin jihar ta tabbatar da haka tun 1994. Birnin Washinton ma haka yake. Massachusetts ta yi doka a 2010 da ta hana bankin da ya ƙwace gida tayar da 'yan haya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Shikago tun 2013 ta ce wanda ya mallaki gida ta wannan hanya ko dai ya sabunta wa ɗan haya yarjejeniya ko ya biya shi dala 10,600 na ƙaura. A Niyok, mai zaune a gidan da doka ta ƙayyade hayarsa, sauyin mai gida bai rage masa komai ba, har da haƙƙin sabuntawa. Irin waɗannan gidaje suna da yawa a Bronx kuma wasu mazaunansu ba su sani ba. Hukumar gidaje ta jihar tana ba ɗan haya tarihin hayar gidansa kyauta idan ya nema.

Ɗaki ɗaya nake haya a hannun wani ɗan garinmu, sunansa ne a takarda ba nawa ba.

Matsayinka ya rataya ne a kan nasa. Idan ya karɓi kuɗi ya ba da makulli, ko ya ƙi zuwa kotu, kai ma abin zai shafe ka. Ku yi magana tun wuri, kuma duk takardar kotu da ta zo ka je da kanka ka ce kana zaune a wurin, don a san da kai. Mai zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ba a yi wa rajista ba ya fi kowa rauni, domin hukumar gine-gine tana iya ba da umarnin a bar wurin saboda hatsari. Duk da haka sabon mai gida ba shi da ikon kulle maka ƙofa da hannunsa.

Takardun zamana ba su cika ba. In na je kotu ba zan tona wa kaina asiri ba?

Dokar ba ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo ba, kuma shari'ar haya ba ta shige da fice ba ce. A Niyok barazana ga ɗan haya da cewa za a kira masa jami'an shige da fice don ya tashi, ita kanta saɓa doka ce. Wanda ke da fargaba ya gaya wa lauyansa halin da yake ciki tun farko, sirri ne tsakaninsu, shi zai duba yadda za a yi da batun halartar kotu. Rashin zuwa gaba ɗaya shi ne ke sa a yanke hukunci a bayan idonka.

Wannan zai ɓata mini suna wajen neman bashi ko wani gidan?

Bashin mai gida ba ya shiga tarihin bashinka. Abin da ke iya bin ka shi ne ƙarar tashi da aka shigar da sunanka, domin kamfanonin da ke bincika wa masu gidaje tarihin 'yan haya suna kwaso bayanan kotu. Shi ya sa idan za a sasanta, ka nemi a janye ƙarar maimakon a rubuta hukunci a kanka.

Sammacin kotun gidaje ya zo da sunana. Ina zan sami lauya?

Da farko duba ranar da aka sa, a wasu jihohi kwanakin amsawa kaɗan ne ƙwarai. Birnin Niyok ne ya fara, a 2017, ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta a shari'ar tashi, kuma ba a duba takardun zama. Ana tambaya ta 311 ko a cikin kotun. A sauran wurare ka nemi ofishin taimakon shari'a kyauta na gundumarka. Kana da haƙƙin tafinta, ka gaya wa magatakarda kana son Hausa ko Faransanci tun kafin ranar zama.

Tafi da yarjejeniya, rasit, notis da ambulan ɗinsa, da hotuna. Kotuna sun ce dokar PTFA garkuwa ce da ɗan haya ke ɗagawa idan an kai shi ƙara, ba kowane alƙali ne kuma zai ɗaga maka ita ba in ba ka ambata ba. Faɗi a fili cewa kai ɗan haya ne tun kafin gwanjo, ga ranar da notis ya zo, ga ranar da wa'adinka zai cika. Lauyan ɗaya ɓangaren zai iya tare ka a baranda da takardar sulhu. Ba lauyanka ba ne, kada ka sa hannu a abin da ba a fassara maka ba.

Zan kama sabon gida. Yaya zan gane ko shi ma banki na binsa?

Bayanan a buɗe suke. Ofishin rajistar filaye ko magatakardan gunduma yana nuna sunan mai gida na ainihi, da bashin da ke kan gidan, da sanarwar ƙara in an shigar. A Bronx, Manhattan, Brooklyn da Queens ana duba takardun mallaka da na jingina kyauta a shafin ACRIS da adireshin gidan, sanarwar ƙara kuwa a ofishin magatakardan gunduma take. Tabbatar sunan da ke takardar mallaka shi ne na wanda zai sa hannu a yarjejeniyarka, ko wakilinsa mai izini a rubuce. Idan ka ga akwai ƙara kuma gidan ya yi maka, kana iya shiga, amma da rubutacciyar yarjejeniya mai wa'adi, a kan kuɗin unguwa, ajiya ta wata ɗaya, biya kuma ta banki.